Ina jin murya amma ba na jin magana: yadda na yi karatun jami'a da raunin ji

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son ba da labarin nan, domin na tabbata babu jami'a ko kwalejin da za a shiga a ƙasar nan a rasa ɗalibin da yake cikin halin da na shiga, kuma shi kansa bai san abin da yake damunsa ba. Ni 'yar jihar Katsina ce, na karanta ilimin tattalin arziki, kuma fiye da rabin karatun na yi shi ne da kunnen da ya daina kawo mini magana cikakkiya.

Da kunnena garau na shiga jami'a a 2018. A hutun da ya biyo bayan aji ɗaya, cikin daminar 2019, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ni. Kamar yadda aka saba a unguwarmu, aka kai ni kemis. Mai kemis ya ce taifod ce ta haɗu da maleriya, ya ɗora ni a kan allurai safe da yamma. Na samu sauƙi, kowa ya yi hamdala. Sai dai tun kafin a gama alluran kunnuwana suka fara wata ƙara siririya, shuuu, ba dare ba rana, ga jiri idan na miƙe. Umma ta ce ragowar zazzaɓi ne, in ci abinci sosai zai wuce. Jirin ya wuce. Ƙarar tana nan har yanzu da nake wannan rubutu.

Da na koma aji biyu sai karatu ya sauya mini. Duk wanda ya yi jami'ar gwamnati ya san ɗakin lacca: ɗaruruwan ɗalibai, wasu a kan taga, fankoki suna kaɗawa, janareta yana ruri a bayan gini, makirfo yau yana aiki gobe ba ya yi. A aji ɗaya duk wannan bai hana ni fahimta ba, ko daga layin baya. Yanzu kuwa ina jin muryar malam sarai, ina jin ta tashi ina jin ta sauka, amma kalmomin ba sa isowa. Abin ya zama kamar allon da ruwa ya taɓa: tawadar tana nan, an san an yi rubutu, amma haruffan sun narke. Harafin s da sh da f da t su ne suka fara ɓace mini. A Turanci, sha biyar da hamsin ƙarshensu ne kawai ya bambanta su, haka sha shida da sittin, ni kuma kwas ɗina lissafi ne da alƙaluma. Sai in rubuta lamba, in yi aiki a kanta har ƙarshe, amsa ta fito daban da ta kowa.

Yawancin malamanmu shifta suke yi, su karanta mu rubuta. Littafina ya cika da gurabe. Kullum da dare ina aron na wata ƙawata ina cikewa, har ta fara nuna gajiya, kuma ban ga laifinta ba. Wata rana malam ya faɗi da baki, yana tattara takardunsa zai fita, cewa ya dawo da tes daga Alhamis zuwa Talata. Kowa ya ji ban da ni. Wannan kwas ɗin sai da na maimaita shi.

Abin da ya fi faɗuwa jarrabawa ciwo shi ne yadda mutane suka fassara ni. A gaishe ni daga baya ban amsa ba, sai a ce girman kai. A yi hira a ɗaki, mutum huɗu suna magana lokaci guda, in yi shiru, sai a ce miskilanci. A yi dariya, in taya su ban san abin da aka faɗa ba. Na koyi cewa "eh" da "haka ne" da murmushi, kuma sau da yawa "eh" ɗin yana faɗawa inda bai dace ba, sai a kalli juna. Wata 'yar ɗakinmu ta taɓa ce mini, "Ke dai abin da kika ga dama shi kike ji." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta gani ke nan: idan mu biyu ne a ɗaki shiru tana fuskantata, ina jin ta, idan muna kantin abinci kuwa ba na ji. Wa zai yarda cewa kunnuwan nan dai su ne suke yin duka biyun? Kiran waya ya zama abin fargaba. Na fara cewa mutane su turo saƙo, wai ba sabis. Zuwa la'asar kaina yana sarawa, jikina ya mutu kamar na yi dako, alhali zama kawai na yi ina ƙoƙarin haɗa guntayen kalmomi.

Akwai wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin. Ina zuwa hadda a masallacin ɗalibai mata, kuma malamarmu ta fara tsayar da ni a kan sinun da shinun da sadun, haruffan da na iya tun ina ƙarama. Ta karanta, in maimaita, ta ce ban gyara ba. Ni kuma a kunnena abu ɗaya muke faɗa. Na daina zuwa, na ce karatun boko ya yi yawa. Wannan ya fi komai taɓa mini zuciya.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, ga yajin aikin ASUU da ya kai har Disamba. A gida abin ya lafa, domin 'yan gida sun saba da ɗaga murya, kuma fuskokinsu na sani. Da muka koma a farkon 2021 sai aka ce ba mai shiga aji sai da takunkumi. A makon farko na gane cewa ashe duk tsawon lokacin nan da ido nake sauraro. Bakin mutane nake karantawa ban sani ba. Da aka rufe bakuna, ɗan abin da nake tsinta ma ya tafi. Na zauna a layin gaba, malam yana tsaye kusa da ni, ban fahimci jimla ɗaya ba. Na fita na samu bayan ɗakin karatu na yi kuka mai isata.

Wata malama dattijuwa ce Allah ya sa ta lura. Ta yi mini tambaya a aji, na ba da amsar wata tambayar daban, aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Bayan lacca ta ce, "'Yata, ki same ni a ofis." Da na je ta cire takunkuminta muka gaisa lafiya lau. Sai ta ɗauki takarda ta kare bakinta ta ci gaba da magana. Na tsaya ina kallonta. Ta sauke takardar ta ce, "Yaushe rabon da a duba miki kunne?" Na ce ba a taɓa ba. Ta ce mahaifinta ya yi irin wannan larurar a ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa ta gane yadda nake kafe mutum da ido ina karkata kai. Ta ce, "Ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau, na ga takardunki na aji ɗaya. Ki je asibiti, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ki ce gwajin ji kike so." Allah ya saka mata da alheri, ya jiƙan mahaifinta.

A gida ba a karɓi maganar da sauƙi ba. Baba ya ce, "Ke da muke magana da ke yanzu kina amsawa, ina kurumta a nan?" Gwaggo ta ce iska ce, tunda har da ƙara a kunne, aka yi mini ruƙiyya, aka kawo man zaitun da miski a ɗiga. Na karɓi addu'a hannu bibbiyu, har gobe ina yi, amma na roƙi Yaya ya kai ni asibiti, domin neman magani ma umarni ne. Shi ya shawo kan Baba.

A asibitin koyarwa likita ya fara leƙa kunnen da 'yar fitila, ya ce babu datti, babu ruwa, dodon kunnen lafiya lau. Daga nan aka shigar da ni wani ɗan ɗaki da ba a jin motsin waje, aka sa mini abin sauraro, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji sauti. Masu kauri na ji su. Da aka zo kan sirara sai na zauna ina jira, ina ganin mai gwajin ta gilashi tana murɗa na'ura tana kallona, ni kuma ban ji komai ba sai ƙarar da na saba da ita. Tun kafin a faɗa mini na san sakamakon.

Likitan ya zauna ya yi mana bayani da Hausa, kuma zan maimaita shi yadda na riƙe, domin da na san shi tun farko da abubuwa da yawa sun zo da sauƙi. Ya ce a can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani naɗaɗɗen sashe mai ruwa a ciki, a jere da ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne. Su suke mayar da sauti saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Waɗanda suke bakin shiga su ne masu kama siraran sautuka, kuma su ne suke fara mutuwa. Idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa mutum zai ji wasula da kaurin murya, ya rasa baƙaƙen da suke bambanta kalma da kalma. Ya tambayi ko na yi sanƙarau, ko ƙyanda, ko hangum, ko zazzaɓin Lassa, domin duk suna iya kashe ji. Da muka zo kan alluran kemis sai Yaya ya tuna sunan ɗaya, gentamicin. Likitan ya girgiza kai. Ya ce magani ne mai amfani da yake ceton rai, amma shi da danginsa irin su streptomycin an san suna lalata waɗannan ƙwayoyin idan aka ba da su ba bisa awo ba ko aka daɗe ana yi, kuma abin da ya fi zargi ke nan. Ya ce raunin nawa a kunne biyun ne, kuma ya haura desibel 35 a ma'aunin ƙarfin sauti, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya take ɗauka a matsayin raunin ji mai hana mutum gudanar da al'amuransa.

Na tambaye shi, "Dakta, zai dawo?" Ya ce, "Ƙanwata, ba zan yi miki ƙarya ba, wanda ya tafi ya tafi. Aikinmu yanzu mu tsare wanda ya rage, mu kuma taimaka masa."

Na yi makonni ban son ganin kowa. A garinmu idan aka ce kurma, abin da yake zuwa zuciyar mutane shi ne wanda yara suke bi suna tsokana, ko wanda ake yi wa magana da ihu kamar ba shi da hankali. Umma ta ce kada a faɗa wa kowa saboda maganar aure. Akwai wanda yake nemana a lokacin, na faɗa masa da kaina, ya ce ba komai, sannan ya riƙa ja da baya har ya ɓace. Na ji zafi, amma tare da zafin akwai wani sauƙi da ban taɓa ji ba: na san ni ba daƙiƙiya ba ce, ba kuma mai wulaƙanta mutane ba. Shekara biyu ina tuhumar kaina da abin da ba halina ba.

Na'urar taimaka wa ji tana da tsada ƙwarai, guda biyu sun ninka kuɗin makarantata na shekara nesa ba kusa ba. Umma ta kwashi adashinta, Yaya ya sayar da babur ɗinsa, sai a lokacin dogon yajin aikin 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, aka haɗa kuɗin. Mutane suna zaton da an maƙala ta shi ke nan, kamar tabarau. Ranar farko ƙarar cokali a kwano ta sa na zabura, takun takalmina ya dame ni, muryata ta zama baƙuwa. Sai da aka yi ta komawa ana daidaita ta da sakamakon gwajina, ƙwaƙwalwa kuma ta saba a hankali. Hijabi yana rufe ta, wanda ya yi wa Umma daɗi, amma yadin yana gogar makirfonta yana ƙara, sai na koma ɗinka hijabai masu laushi marasa kauri. Kafin alwala dole in cire, ƙurar hunturu tana toshe ta, gumi da laimar damina suna kashe ta, batirinta kuma ba a kowane gari ake samu ba. A cikin hayaniya har yanzu ina wahala. Duk da haka, ranar da na koma hadda na ji bambancin sinun da shinun daga bakin malama, na yi sujadar godiya a wurin.

Da na koma makaranta na daina ɓoyewa. Na bi malamaina ofis-ofis da takardar asibiti. Abin da na roƙa ba shi da yawa: a bar mini kujera a gaba, malam ya fuskanci aji idan yana magana maimakon ya juya wa allo, a rubuta ranar tes da lambobi a allo, a bar ni in ɗauki lacca a waya, a ba ni handawut kafin darasi. Yawancinsu sun yi, wasu har da ba ni haƙuri. Wani kuwa ya ce shi ba malamin makarantar kurame ba ne, idan ba zan iya ba in koma inda ya dace da ni. Ban iya ba shi amsa a ranar ba. Daga baya na san cewa akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma a 2020 aka kafa hukumar ƙasa da take kula da ita. Abin da na nema haƙƙina ne a dokar ƙasa. Sakamakona ya tashi a shekaru biyun ƙarshe, na fita da digiri mai daraja ta biyu.

Da na fara magana a fili sai ɗalibai suka fara zuwa mini a ɓoye. A nan na gane cewa tawa hanyar, ta allura, ɗaya ce cikin hanyoyi, kuma wadda ta fi yawa a tsakaninmu ita ce ƙara. Ɗalibi yana son karatu a hostal, ga hayaniya, ga janareta, sai ya toshe kunne da iyafis ya ƙure sauti don ya danne ta waje. Wata da karatun Alƙur'ani ko wa'azi take kwana a kunne har asuba, wani da waƙa, kuma kunne bai san bambanci ba, ƙarfin sautin da tsawon lokacin kawai yake ƙirgawa. Wani saurayi ɗan kwalejin kimiyya da fasaha da muka haɗu a layin asibiti, a shagon cajin waya yake aiki bayan lacca don ya biya kuɗin makaranta, janareta a gefen ƙafarsa daga azahar har dare. Ga bukukuwa, inda ake zaunar da ƙawayen amarya a gindin lasifika, a tashi kunne yana ƙara a ce gobe zai daina. Wannan ƙarar alama ce cewa an ji wa ƙwayoyin nan rauni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. A ƙa'idarta, babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma idan sautin ya kai desibel 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4 kacal a mako. Shawararta ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin waya, a riƙa ba kunne hutu. Ta kuma ce mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji da yake buƙatar kulawa, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe irin namu suke. Ni abin da yake ba ni takaici shi ne irin wannan raunin ba ya ciwo, ba ya jini, a hankali yake ci, sai mutum ya kai aji uku yana faɗuwa ana ce masa ya lalace.

Na kuma san ɗalibai kurame na ainihi, waɗanda suka taso da maganar hannu. Su suka fara koya mini ita, kuma a wurinsu na ga ƙarfin hali da zumuncin da ban gani a ko'ina ba. Wahalarsu ta fi tawa, domin ba tafinta ba lacca, kuma wuraren da suka tanadi tafintoci sosai, irin su Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo da cibiyar tallafa wa kurame ta Jami'ar Ilorin, sun yi wa ɗan Arewa talaka nisa. Amma su aƙalla an san da su. Mu da muke tsakiya, masu ji rabi-rabi, ba ma cikin lissafin kowa.

Lokacin rajistar shiga jami'a an auna mini jini, an duba fitsari, an ɗauki hoton ƙirji, an sa na karanta haruffa a bango don gwada ido. Ba wanda ya ce uffan a kan kunne, alhali kusan duk karatun da kunne ake ɗaukarsa. Roƙona ga hukumomin makarantu shi ne a saka gwajin ji a cikin wannan binciken, a kuma sake shi ga duk ɗalibin da sakamakonsa ya faɗi ba dalili. Wanda kuma yake yawan cewa "na'am?", ko kunnensa yake ƙara, ko yake ji a ɗaki amma ba ya ji a taro, ya je a duba shi. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Iyaye kuma, don Allah, kada a yarda a yi wa yaro jerin allurai ba tare da likita ya rubuta ba, kuma idan kunne ya fara ƙara ko jiri ya zo ana cikin magani, a koma wurin likita a ranar.

Ranar 3 ga Maris ita ce ranar ji ta duniya. A ta bara ni da wasu ƙawayena ɗaliban likitanci muka samu wani aji shiru a wata kwalejin ilimi, muka yi amfani da manhajar hearWHO, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019. Tana karanto lambobi uku-uku a cikin hayaniya, mutum ya danna abin da ya ji. Ba ta maye gurbin gwajin asibiti, tana dai nuna wanda ya kamata ya je. Cikin waɗanda muka tura, wani datti ne kawai ya toshe masa kunne, aka wanke ya dawo yana murna. Wata yarinya 'yar aji biyu kuwa sakamakonta ya fito kusan irin nawa. Na je gidansu na zauna da mahaifiyarta, na cire na'urata na ɗora mata a tafin hannu ta jujjuya, na amsa tambayoyinta har da ta aure. Yanzu suna haɗa kuɗin na'ura, kafin nan kuma shugaban sashensu ya amince a riƙa ba ta handawut tun kafin lacca, an kuma ware mata kujera a layin gaba.